Haƙƙin Mallaka da Amanar Bayanan Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Marubuta, Mawaƙa, 'Yan Fim da Gidajen Tarihi

A 2023 Najeriya ta sami sababbin dokoki biyu da suka shafi duk mai cin abinci da fasaha. Ta farko dokar haƙƙin mallaka ce, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris. Ta biyu dokar kare bayanan jama'a ce, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni. Duk da haka, yawancin ƙungiyoyin marubuta, kamfanonin finafinai, situdiyon waƙa da gidajen adana kayan tarihi har yanzu da tsohuwar al'ada suke tafiya: magana da baki, sanayya, da "ai mun zama ɗaya". Amsoshin da ke ƙasa na wayar da kai ne. In rigima ta riga ta taso, ko za a sa hannu a kwangila mai tsoka, a nemi lauya.

Me dokar haƙƙin mallaka ta kare?

Abu shida: rubutu, waƙa da kiɗa, zane da sassaƙa da hoto, fim da sauran bidiyo, sautin da aka naɗa, sai shirye-shiryen rediyo da talabijin. Ga rubutu da waƙa da zane akwai sharaɗi biyu. Mai aikin ya zama ya sa ƙwazonsa har aikin ya fito da kamanninsa, sannan an adana shi a wani abu, takarda ce, waya ce ko kwamfuta. Doka ba ta duba ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba.

Ko da yake a 2023 aka sa mata hannu, ana kiranta dokar 2022, kuma ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988, wadda aka rubuta a zamanin kaset. Mai kula da ita ita ce Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC a taƙaice. A lura, hukumar sadarwa mai kula da layukan waya ita ma NCC ake ce mata, amma ofisoshi ne daban.

Sai mun yi rajista kafin aikinmu ya zama namu?

A'a. Ranar da marubuciya ta rubuta babin farko a wayarta, ranar haƙƙinta ya tabbata, ba fom, ba ko kwabo. NCC tana da rajista ta intanet wadda ba tilas ba ce, amma ya kamata a yi ta ga duk aikin da ake sa ran zai kawo kuɗi, domin in an je kotu shaida ce da alƙali zai fara karɓa, sai mai ja ya kawo hujjar da ta rushe ta.

A nan ne ake yawan cakuɗa takardu. Shaidar Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ko ta takwararta ta tarayya, tana nufin an duba fim an yarda a nuna shi. Ba ta ce labarin na wane ne ba. Lambar ISBN da ake karɓa a Babban Laburaren Ƙasa ta gane littafi ce a kasuwa. Rajistar CAC kuwa ta kamfani ce da sunansa. Ko ɗaya a cikinsu ba ta tsaya a madadin yarjejeniya tsakaninku da marubuci ba.

Na ba wani furodusa labari da baki a majalisa, ba a jima ba sai ga shi a fim. Ina da ƙara?

Da wuya, Malam. Doka ba ta kare tunani ba, yadda aka zuba tunanin ta kare. "Ɗan talaka ya so 'yar mai kuɗi, uba ya hana" ba na kowa ba ne. Amma jerin fitowa-fitowa, zubin tattaunawa, halayen taurarin da yadda aka warware ƙullin, in a rubuce suke, naka ne. Don haka a rubuta kafin a faɗa, a tura ta imel ko ta wata hanya mai nuna kwanan wata, kuma a ajiye daftarin farko ko da cike yake da gyare-gyare.

Mu muka biya kuɗin aikin. Ba shi ke nan ya zama namu ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba abokai a harkar nan, kuma amsarta ba ta yi wa masu kuɗi daɗi. Asalin ƙa'idar ita ce haƙƙi yana fara sauka ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Kun biya marubuci ya rubuta muku labari, kun biya mai zane ya yi muku bangon littafi, kun biya mai hoto ya ɗauki taronku: kuɗin aikin kuka biya. Sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ban da kowa, doka ta ce ba ya inganta sai a rubuce. Izinin da ba na keɓewa ba ne kaɗai ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda ake mu'amala.

Bambancin kamar na haya ne da sayar da gida. Mawaƙin da ya ba ku waƙa ku sa a fim ɗaya haya ya ba ku. Bai ba ku damar ɗora ta a tasharku ta YouTube ita kaɗai ba, balle sayar wa ɗan siyasa ita lokacin kamfe.

A fim da sautin da aka naɗa, doka tana ɗaukar wanda ya ɗauki nauyin shirya aikin a matsayin mai shi, wato galibi furodusa, sai in kwangila ta sauya hakan. Amma labarin da aka gina fim ɗin a kai da waƙoƙin ciki kowanne yana da nasa mai shi daban. Haka littafin da ƙungiya ta tattara gajerun labarai ko waƙoƙin mambobinta: tarin na ƙungiyar da ta shirya ne, amma kowane marubuci yana da damar sake buga nasa a wani wuri, in ba a rubuta akasin haka ba.

Abin da ya sa wannan magana ta yi zafi yanzu shi ne sauyin kasuwa. Lokacin da ake kai fim kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a faifai, rayuwarsa a kasuwa gajera ce, a sayar, a raba, a wuce. Yau fim ɗin da aka manta da shi yana iya dawowa a YouTube ko a tashar tauraron ɗan'adam ya riƙa kawo kuɗi wata-wata, kuma mutanen da suka yi shi ba su taɓa zama sun yi maganar wannan kuɗin ba, don a lokacin babu shi. Takarda shafi ɗaya da Hausa ta wadatar, in dai ta faɗi wane aiki ne, sayarwa ce ko izini, na shekara nawa, a waɗanne kafafe, nawa za a biya da yaushe, da yadda za a rubuta sunan mai aikin. Wasu na ganin neman sa hannu rashin yarda ne da ɗan'uwa. Ba haka ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai take magana.

In marubuci ya sayar mana da haƙƙinsa, muna iya cire sunansa ko mu juya labarin yadda muka ga dama?

Ba ku da wannan damar. Akwai haƙƙi biyu da ba sa shiga ciniki muddin mai aikin yana raye: a ambaci sunansa, kuma kada a yi wa aikin kwaskwarimar da za ta zubar masa da mutunci. Gyaran da fim ke buƙata daban, juya labarin tarbiyya ya koma na batsa da sunan marubuciyar a jiki daban.

Jarumai, makaɗa da 'yan amshi fa?

Su ma doka ta san da su. Ba a naɗar wasan mutum ko a yaɗa shi kai tsaye ba da yardarsa ba, kuma wannan kariya tana kai shekara 50. Waƙar da aka fitar kasuwa, in gidan rediyo ko talabijin ya sa ta, wanda ya rera da mai faifan duk suna da rabo a ladan. 'Yar amshin da aka sallama da kuɗin mota ta cancanci a gaya mata, a rubuce, abin da ta yarda da shi.

Shekara nawa haƙƙin yake yi? Waƙoƙin tsofaffin mawaƙa ai sun zama na kowa?

Rubutu, waƙa da zane: duk tsawon ran mai su, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim, hoto da sautin da aka naɗa: shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a.

A yi lissafi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, rubuce-rubucensa sai ƙarshen 2051. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada, don haka wanda zai sake rera irin waɗannan waƙoƙi da kiɗan zamani, ko ya mai da labarin fim, sai ya nemi magada ko kamfanin da haƙƙin ke hannunsa. A lura kuma da cewa waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi biyu, na baitocin da karin, da kuma na faifan da aka naɗa. Wa'adin faifan yana iya ƙarewa alhali na waƙar yana nan daram.

Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na sauran malaman zamaninsa, kowa na iya bugawa. Amma fassarar da wani malami ya yi musu a wannan zamani, ko sharhinsa, nasa ne.

Tatsuniya, waƙar gaɗa, kirari da kacici-kacici ba su da mai su. Muna iya yin yadda muke so da su?

A gida, a dandali, a aji, a wurin biki, babu mai hana ku. Amma doka ta ware wa al'adun gargajiya sashe na musamman. In za a buga su, a nuna su, ko a sarrafa su don kasuwanci, ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, NCC ce ke da ikon ba da izini, kuma wajibi ne a faɗi al'ummar ko yankin da aka ɗebo su. Ko da doka ba ta ce komai ba, tsohuwar da kuka zauna gabanta ta rera muku waƙar niƙa ta cancanci sunanta ya fito, in ta yarda, ta kuma ga wani abu a hannu.

Ni marubuciya ce, ina sayar da littafina ta WhatsApp. An fitar da shi, kuma wata tasha tana karanta shi a YouTube. Yaya zan yi?

Hajiya, "ban yafe ba" da ake rubutawa a saman kowane shafi tana tsorata mai tsoron Allah, amma ba ta sauke bidiyo. Ga abin da ke saukewa. Da farko ki tara hujja kafin ki yi wa kowa magana: hoton shafin, adireshin bidiyon, ranar da aka ɗora, da fayil ɗinki na asali mai kwanan wata. Sannan ki cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na YouTube. Kyauta ne, kuma ba ya buƙatar lauya. In ƙorafin ya karɓu za a sauke bidiyon a yi wa tashar gargaɗi, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku cikin kwana 90 tana fuskantar rufewa. Facebook da TikTok ma suna da irin wannan fom.

Sabuwar dokar ta kawo wannan tsari gida. Mai haƙƙi yana iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin takardar sanarwa, shi kuma ya wajaba ya sauke abin cikin hanzari, ya sanar da wanda ya ɗora. Mai maimaita laifi ana iya dakatar da shafinsa, NCC kuma tana da ikon toshe shafin da ta ga na satar fasaha ne. Sai dai wanda ya yi ƙorafin ƙarya da gangan shi ma zai biya diyya.

Karanta littafi da murya a ɗora a intanet aiki ne da ke buƙatar izininki, haka mai da shi fim, haka fassara shi. Mai tashar da ke da gaskiya yakan zo a yi ciniki, kuma sau da yawa hakan ya fi rufe tashar amfani: a rubuta littafi kaza, na wata kaza, a kan kuɗi kaza. WhatsApp ne mai wuya, don babu wanda ke ganin abin da ke yawo cikin guruf. Dabarar da ke rage ɓarna ita ce sa wa kwafin kowane mai saye wata alama tasa, yadda in ya fita za a san ta ƙofar da ya fita.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Buga kwafin sata don sayarwa yana jawo tarar aƙalla naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗaurin aƙalla shekara 5, ko duka biyun. Wannan ya shafi masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa kamar yadda ya shafi masu buga littattafan jabu.

Mun rubuta sunan mai aikin, kuma ba kuɗi muke samu ba. Har yanzu laifi ne?

Ambaton suna ba izini ba ne. Doka ta yarda a ɗebi wani abu daga aikin wani don nazari, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi, suka, rahoton labarai ko barkwancin kwaikwayo. Alƙali zai duba abu huɗu: me aka yi da shi, wane irin aiki ne, nawa aka ɗiba, kuma ya taɓa kasuwar mai shi ko bai taɓa ba. Baiti biyu a cikin sharhi ba matsala. Littafi sukutum a guruf ɗin ɗalibai ya kashe wa marubucin kasuwa, ko ba a karɓi sisi ba.

Dole a faɗi gaskiya a kan wankiya, wato kwaikwayon fim ɗin wasu, da fassarar finafinan Indiya. Indiya tana cikin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya ta shiga a 1993, kuma ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar na ɗan gida. Ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin wani ba da lasisi ba satar fasaha ce, daidai da wadda muke kuka a kanta in an yi mana.

Muna sa waƙoƙi a taronmu, ko a gidan bikinmu. Wa za mu biya?

Akwai ƙungiyoyin da ke karɓar lada a madadin masu haƙƙi: MCSN ta waƙa, AVRS ta finafinai, REPRONIG ta kwafar littattafai. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa aiki sai da amincewar NCC, don haka duk wanda ya zo karɓar kuɗi a nemi ganin shaidarsa, a kuma karɓi rasit. Mawaƙanmu su ma su shiga, domin ladan da aka tara ba ya zuwa wurin wanda ba a san da shi ba.

Wasu na cewa ilimi ba a mallakarsa, don haka haƙƙin mallaka baƙon abu ne a Musulunci.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Malamin da ya so ya yi waƙafi da littafinsa ko karatunsa, dama tasa ce, sai ya faɗa a sarari a bangon littafin. Amma ba wani ne zai yi masa waƙafin da dukiyarsa ba.

Gidan tarihinmu yana da tsofaffin rubuce-rubuce da hotuna da kaset. Muna iya ɗaukarsu a kwamfuta mu sa a intanet?

Adanawa daban, yaɗawa daban. Doka ta ba laburare, gidan tarihi da ma'adanar takardu damar kwafar abin da ke hannunsu don kada ya lalace, kuma ta ba da damar mai da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti don masu larurar gani, bisa Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013. Amma mallakar takarda ba mallakar haƙƙin abin da ke cikinta ba ce. Rubutun ajami na ƙarni na 19, irin waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa na Kaduna ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wa'adinsa ya wuce. Hoto ko kaset na shekarun 1980 kuwa da sauransa.

Sannan akwai iyalan da suka ba da ajiya. A cikin kundin malami ana samun wasiƙu, lissafin bashi, rabon gado, har da maganar asalin wasu gidaje. A zauna da su a rubuta abin da za a buɗe wa kowa, da wanda sai mai bincike ya zo da kansa.

Mu ba banki ba ne, ba kamfanin waya ba ne. Me ya haɗa mu da dokar kare bayanai?

Ku buɗe wayar sakatarenku za ku ga amsar. Sunayen mambobi da lambobinsu, hotunan fasfo, lambar NIN, lambobin asusun da ake tura kuɗin aiki, fom ɗin masu shiga gasa, takardar da ake zagayawa da ita a taro kowa ya rubuta suna da lamba. Duk abin da za a iya gane mutum da shi bayani ne a idon doka, kuma duk wanda ya yanke shawarar tara shi ya ɗauki nauyinsa. Wanda aka ɗauke wa shi ne mai ajiye bayanai don harkar kansa ko ta gidansa kawai.

Abin da ake nema ba mai wuya ba ne. Ku gaya wa mutum dalilin karɓa. Kada ku karɓi fiye da buƙata: gasar gajeren labari ba ta buƙatar BVN. Kada ku yi amfani da shi a wani abu daban. Ku tsare shi, ku goge in amfaninsa ya ƙare. Mai bayanin yana da damar ya tambayi abin da kuke da shi a kansa, ya sa a gyara, ya nemi a goge, ko ya ce a daina turo masa talla.

Hukumar da ke kula da wannan ita ce Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC a taƙaice. A ƙa'idar da ta fitar a 2024, wanda ke sarrafa bayanan mutum sama da 200 cikin wata shida yana iya shiga sahun waɗanda ake buƙatar su yi rajista da ita. Bikin baje kolin littattafai guda ɗaya ya isa ya haura wannan adadi.

Ke nan komai sai mun nemi izini?

A'a. Izini ɗaya ne daga dalilai shida da doka ta yarda da su. Lambar asusun jarumin da za ku biya, kwangila ce ta halatta muku riƙe ta. Amma inda izinin ne madogara, sai ya zama na gaske: shiru ba yarda ba ne, kuma mutum na iya janyewa duk lokacin da ya so. Zuba lambobin mahalarta taro cikin guruf ba tare da tambayarsu ba yana nuna lambar kowa ga kowa. Miƙa jerin ga mai tallan kaya ko ɗan takara ya fi muni.

Hotunan taro da na biki fa? Da na yara?

A hoto ɗaya haƙƙi biyu ke haɗuwa. Haƙƙin mallaka na wanda ya ɗauka ne, fuskar kuwa bayanin mai ita ce. A taron jama'a, a sanar tun a katin gayyata da bakin ƙofa cewa za a ɗauki hoto da bidiyo, a ware gefen da wanda ba ya so zai zauna. In za a sa fuskar mutum ɗaya a fosta ko talla, a nemi yardarsa shi kaɗai.

Masu ɗaukar biki su saurara da kyau. Dokar haƙƙin mallaka ta ce wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don harkar gidansa yana da ikon hana a yaɗa shi, in ba an yi yarjejeniya a kan akasin haka ba. Bidiyon kamu ko na wunin mata da aka ɗora a TikTok don tallar situdiyo, ba da sanin masu biki ba, ya saɓa doka, kuma kowa ya san irin fitinar da yake iya haddasawa a gidan aure.

Wanda bai kai shekara 18 ba, izinin iyaye ko mai riƙonsa ake nema. Yardar shugaban makaranta ko malamin tsangaya kaɗai kada a dogara da ita, musamman in hoton neman tallafi za a yi da shi.

Muna tantance sababbin jarumai, mun tara hotuna da bidiyon 'yan mata da samari da yawa. Yaya za mu yi da su?

Wannan ajiya ce mai haɗari, kuma ta fi kowace buƙatar tsaro. Yarinyar da ta zo gwaji ba a ɗauke ta ba, wataƙila wasu danginta ma ba su san ta zo ba. Bidiyonta in ya fita yana iya ɓata mata aure ko karatu. A ajiye a kwamfuta ɗaya mai lambar sirri, a san mutum nawa ke iya buɗewa, kada ya zauna a wayoyin ma'aikata. A faɗa a fom ɗin wata nawa za a riƙe, in lokacin ya cika a goge da gaske. Ma'aikacin da ya ɗauki lambar mai neman aiki ya kira ta don wata manufa tasa ya ci amana, kuma kamfanin ne zai amsa tambaya.

Muna hira da dattawa don adana tarihi. Dokar ba za ta ɗaure mana hannu ba?

Dokar ta sassauta wa aikin jarida, ilimi, adabi da fasaha in wallafar don amfanin jama'a ce, amma ba ta ɗauke musu wajibcin adalci da tsaron bayanai ba. Akwai kuma bayanan da ta ɗauka masu tsanani: addini, ƙabila, lafiya, ra'ayin siyasa da makamantansu. Hirar tarihi cike take da su, kuma dattijo in ya saki jiki yakan ambaci mutanen da ba sa wurin. Wanda ba ya karatu, a karanta masa bayanin da harshensa, a naɗi amincewarsa da muryarsa a farkon hirar: ina za a ajiye, wa zai ji, da sunansa ko a sakaya.

An sace kwamfutar ofis, ko an yi wa shafinmu kutse. Mene ne matakin farko?

A sauya lambobin sirri nan take, a tantance bayanan wa da wa suka fita. In abin na iya cutar da mutane, doka ta ba ku awa 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da NDPC. In haɗarin babba ne, misali lambobin asusu ko hotunan da ba na fita ba, a sanar da masu su kai tsaye ba tare da jinkiri ba. Tara tana iya kai naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata in shi ya fi yawa. Hukumar tana cin tarar kuwa: a Yulin 2025 ta yanke wa kamfanin talabijin na MultiChoice Nigeria sama da naira miliyan 766.

Masu kallonmu suna Nijar da Gana da Kamaru. Haƙƙinmu yana tsallaka iyaka?

Yana tsallakawa. Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin Yarjejeniyar Berne, sai dai a kowace ƙasa da dokarta da kotunanta za a bi. A Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin masu fasaha, hukumar HAPDP kuma da bayanan jama'a. Gana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005 da ta kare bayanai ta 2012. In za ku yi aiki da mawaƙin Zinder ko Maraɗi, ku rubuta a kwangilar dokar wace ƙasa za a bi in an sami saɓani, da kuɗin da za a yi lissafi da shi, naira ko sefa.

Ina ake kai ƙara?

Shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce. Satar fasaha ta kasuwanci ana kai rahotonta NCC, wadda jami'anta ke da ikon bincike da kame. Ƙorafin bayanai NDPC ake kai wa, kuma wanda aka cutar yana iya neman diyya a kotu. Kafin nan, sulhu a gaban shugabannin ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ko na ƙungiyar marubuta ta ANA ya fi sauri da araha. In an sasanta, a rubuta abin da aka amince a kai, da adadin kuɗi da ranar biya, kowane ɓangare ya sa hannu gaban shaidu biyu, ya tafi da kwafinsa.